TAFIYA DA KEKE DAGA GAYA ZUWA TSIBIRIN LETE

A cikin babban teku, yamma da ƙasar Maroko, akwai tsibirai da ake kira Kanari. Suna ƙarƙashin mulkin ƙasar Sifen. Duwatsu masu aman wuta ne suka gina su. Mafi tsawo a cikinsu sunansa Tede, tsawonsa mita 3715. A shekarar 2021 wani dutse ya yi aman wuta a tsibirin La Palma kusan wata 3. Ya cinye gidaje da gonakin ayaba masu yawa.

Duk da haka, kowace shekara da sanyi Turawa suna zuwa can hutu da kekunansu. Wasu ba sa neman ɗan jagora. Su da kansu suke tsara hanya, su san inda za su kwana, su hau jirgin ruwa daga wannan tsibiri zuwa wancan. Suna kashe kuɗi da yawa don su ga ƙasar wasu.

Mutumin Gaya ma yana da tsibirai, kuma ba sai ya sayi tikitin jirgin sama ba. Nasa ba wuta ta gina su ba. Kogin Kwara ne ya tara rairayi da laka shekara da shekaru har suka zama ƙasa. Babbansu shi ne Lete, arewa maso yamma da Gaya. Tsawonsa wajen kilomita 16 ne, faɗinsa wajen kilomita 4. Mai keke yana iya zuwa ya gani da idonsa.

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan kaka. Hatsi ya shiga rumbu, taɓo ya bushe, rana ba ta da zafi sosai. Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Saboda haka da damina hanyoyin ƙauye sukan yanke.

Kafin ya tashi, mai keke yana duba taya da birki da sarƙa. Yana ɗaure famfo da kayan faci a bayan sirdi, domin ƙaya ba ta da aboki. Yana ɗaukar ruwan sha, da garin rogo da ƙuli-ƙuli, da gidan sauro, da katin shaidar ɗan ƙasa. Nan bakin iyaka ne, ana tambayar takarda. Yana kuma tambayar hukuma da masu gari labarin hanya, domin cikin shekarun nan an sami rashin kwanciyar hankali wajen gandun dajin W. Tafiyar mutum biyu ta fi ta mutum ɗaya. Tafiyar dare kuwa babu ita.

Da sassafe yana fara sauka bakin kogi. Ga gadar da aka gina a 1958, wadda ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin. Ta kanta kayan tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka yi shekaru suna shigowa Nijar. A 2023 aka rufe ta, sai jama'a suka koma ƙetarewa da kwalekwale.

Daga nan sai ya kama hanyar Tanda, wadda take zarcewa Falmai. Kogi yana hannunsa na hagu. A wajen akwai fadamar Tara, inda ake noman shinkafa da ruwan kogi. Manomi zai so ya ratse ya ga yadda ake raba ruwa tsakanin gonaki, da yadda ake dashen iri layi-layi. Akwai kuma dajin Goru Basunga, wanda hukuma ta keɓe. Wanda ya fito daga arewa, inda itace ya yi wuya, zai ga amfanin hana sara barkatai. Inda rairayi ya yi yawa, sai ya sauka ya tura keken. Wannan ba abin kunya ba ne.

Idan ya isa ƙauyen bakin ruwa, gidan mai gari yake fara zuwa. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Mutanen wajen Dandanci da Zabarmanci da Fillanci suke yi, amma da yawa suna jin Hausa. Da safe mai jirgi ya ɗauke shi da kekensa. Maganar mai jirgi ake bi, domin shi ya san zurfin ruwa, shi ya san inda dorina take.

Lete ƙasar ciyawa ce. Idan ruwa ya janye, burgu yana nan kore shar lokacin da tudu ya bushe. Shi ya sa Fulani suka daɗe suna kiwo a nan. Laka kuma tana ba da gero da dawa da shinkafa, shi ya sa manoma ma suke son wurin.

Wannan albarka ta taɓa jawo baƙin ciki. A 1960 an yi faɗa tsakanin makiyayan tsibirin da mutanen ƙetare, har aka rasa rayuka. A 1963 rikicin ya kai ga gwamnatocin Nijar da Dahome, wato Benin ta yau. Ƴan Dahome da yawa masu aiki a Nijar suka koma gida. An yi shekaru ana ja-in-ja. A 2001 ƙasashen biyu suka yarda su kai maganar gaban Kotun Duniya da ke birnin Heg, a ƙasar Holan. Ranar 12 ga watan Yuli 2005 kotu ta yanke hukunci. Ta ce iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi, wato hanyar jirage. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, har da Lete. Benin ta sami 9. Duka biyun suka karɓi hukuncin, ba a harba bindiga ba.

Mai keke yana komawa gida da gajiya a ƙafa da labari a baki. Ya ga dashen shinkafa. Ya ga dajin da aka tsare. Ya taka ƙasar da aka yi shekara 45 ana gardama a kanta, aka kuma raba gardamar a zaune. A garinsu ma akwai burtali da mashaya da iyakar gona. Ranar da aka taru gindin bishiya a kan maganarsu, yana da abin da zai faɗa, domin gani ya kori ji.