Yini Guda A Gidan Marayun Giwaye Na Nairobi

Duk wanda fatauci ko aikin gwamnati ya kai shi Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, ya kamata ya ware yini ɗaya domin kudancin birnin. A can, ƙasa da kilomita 10 daga tsakiyar gari, akwai gandun namun daji da aka kafa a 1946, mai faɗin murabba'in kilomita 117. Da sassafe ake shiga. Mun ga ɓauna da jimina da jakin dawa da karkanda suna kiwo, dogayen benaye na tsaye a bayansu, abin da ido ke jinkirin yarda da shi. Garken giwaye kam babu, domin wurin ya yi musu kaɗan.

Abin da ya rage na giwa a cikin gandun shi ne toka. A ranar 18 ga Yuli 1989 shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a nan, shekarar da duniya ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. A 2016 shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙona tan 105. Ɗan kasuwa zai ce an yi asarar dukiya. To, amma ya dakata da hukunci sai ya ga waɗanda wannan dukiya ta bari a baya.

Ana ganinsu ne a gefen gandun, a gidan marayun giwaye na gidauniyar Sheldrick, wadda Daphne Sheldrick ta kafa a 1977 don tunawa da mijinta David, tsohon shugaban gandun Tsavo ta Gabas. Awa ɗaya tak ake buɗe wa baƙi, daga ƙarfe 11 zuwa 12 na rana, kuma sai an kama wuri tun kafin ranar. Jama'a na jeruwa bayan igiya, sai ga ƴan giwaye sun ɓullo daga kurmi a guje, kowa ya nufi mai kiwon da ke riƙe da ƙatuwar kwalbar madara. Masu wayo daga ciki da hancinsu suke naɗe kwalbar su sha da kansu. Daga nan sai birgima cikin jar laka, suna ture juna kamar ƴan makaranta da aka tasa, mai kiwo kuwa yana ta bayyana tarihin kowane: wannan maharba suka kashe uwarsa, wancan rijiya ya faɗa, waccan fari ya raba ta da garke. Galibi sunan wurin da aka tsinci maraya shi ake raɗa masa.

Madarar nan ita ce asirin gidan. Cikin ɗan giwa ba ya ɗaukar maiƙon nonon saniya, yana iya kashe shi. Daphne ta shafe shekaru 28 tana gwaji, marayu na mutuwa a hannunta, kafin ta dace da haɗin madarar jarirai da man kwakwa. Ta rasu a 2018, amma da wannan haɗi ake aiki. Kowane awa uku ake ba ƙanana, dare da rana. Ana lulluɓe su da bargo saboda sanyin Nairobi, kuma mai kiwo a ɗaki ɗaya yake kwana da maraya. Har ma ana juya masu kwanan, don kada ɗan giwa ya shaƙu da mutum ɗaya, ranar da ya tafi hutu baƙin ciki ya kwantar da shi. In sun kai wajen shekara uku sai a ɗauke su a mota zuwa Voi ko Ithumba a yankin Tsavo, inda suke ƙara shekaru suna cuɗanya da giwayen daji har ranar da suka daina dawowa kwana. Giwa na ɗaukar ciki wata 22. Harsashi guda ya gama da ita, sa'an nan mutane su yi kusan shekara goma suna rainon abin da ta bari.

Da azahar muka ƙarasa Langata, tafiyar ƴan mintoci, inda cibiyar raƙuman dawa take. Jock da Betty Leslie-Melville suka kafa ƙungiyar da ke riƙe da ita a 1979. Ana hawa wani dandamali har kan mutum ya yi daidai da na raƙumin, ya miƙa masa abinci, shi kuma ya lashe da dogon harshensa mai duhu, gadu na kai da kawo a ƙasa yana tsintar abin da ya zube. Na nan irin Rothschild ne, ƙafafunsu farare daga gwiwa zuwa ƙasa.

Ɗan Nijar ba zai tsaya a wurin ba tare da ya tuna Kure ba, kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke, masu hasken fata fiye da na Kenya. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Kulawar manoman yankin da ma'aikatan gandun daji ta sa suka haura 600, har aka kai takwas Gadabeji cikin jihar Maraɗi a 2018. Namu ba a killace suke ba, cikin gonakin gero da wake suke yawo. Sai dai bayan harin watan Agusta na 2020, wanda ya halaka mutum takwas a Kure, baƙi sun ɗauke ƙafa, kuma masu yi musu jagora, waɗanda da kuɗin ziyara suke ci da iyali, su suka fara ji a jikinsu.