Kifin da Ya Buɗe wa Umma Baki a Bombai

Tun ina firamare nake mafarkin Bombai saboda finafinan Indiya. Sai ga shi Allah Ya kai ni, amma jinyar Umma na raka. Sunan garin ma tun 1995 aka mayar da shi Mumbai.

Bayan an yi mata aiki, Umma ta ƙi cin komai, kwana uku daga shayi sai shayi. Hankalina ya tashi matuƙa. Matar gidan da muka kama haya ta ce in shirya da asuba, za mu samo mata paplet.

Ina idar da salla muka nufi Sassoon Dock a unguwar Kolaba, tashar jiragen masunta da aka gina tun 1875. Ke dai bari! Ba rawa ba waƙa, sai ƙarni da hayaniya, ƙasa duk a jiƙe. Matan ƙabilar Koli, 'yan asalin wurin, sun ɗaure sari tamau, kwanduna a ka. Mazansu ke shiga teku, ciniki kuwa a hannun matan yake.

Paplet ɗin ɗan kifin teku ne mai faɗi kamar tafin hannu, yana ƙyalli kamar azurfa, wutsiyarsa kamar buɗaɗɗen almakashi. Namansa fari ne mai laushi, ba ƙaya da yawa. Larabawan Kuwait zubaidi suke ce masa.

Da na ji kuɗinsa sai da na dafe ƙirji. Tsohuwar da ke sayarwa ta yi bayani, uwar ɗakina tana fassara mini: kifin ya yi ƙaranci, don ana kwashe ƙananan tun ba su kai yin ƙwai ba. Shi ya sa a 2023 jihar Maharashtra ta ayyana shi kifin jiha domin a kare shi. Muka bar ƙananan duk da arharsu, muka ɗauki manya biyu.

Na shafe su da kurkum, tafarnuwa da lemon tsami, na soya. Umma ta gutsira a hankali, ta sake gutsira, can ta ɗago ta ce, "'Yar nan, akwai saura?" Wallahi sai hawaye suka zubo mini.

Alhamdu lillahi, mun dawo gida lafiya. Yanzu in an ambaci Bombai, waccan tsohuwa nake tunawa da kwandonta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.