Abin da Almakashi Ya Bari

Duk wanda ya shiga shagon tela a Sabon Birni, idonsa na kan igiyar da ake rataye ɗinki. Ni ƙasa nake kallo. Ƙarƙashin teburin yanka akwai abin da almakashi ya bari. Gefen hannun riga, da'irar da aka fitar daga wuya, siririn bakin zane, kusurwar shadda wadda ba ta isa aljihu ba. A makon salla tarin yakan rufe idon sawu. Yaron shago ya share, ya cusa a buhun shinkafa, ya jingine bayan ƙofa.

Turmin atamfa yadi shida ne. Riga da zane da ɗankwali ba sa cinye shi tas. Mai kaya takan karɓi babban saura, ƙananan kuwa ba mai tambayarsu. Wasu a ƙona su da shara. Wasu su tafi wurin mai gyaran babur ya goge hannu. Wasu a cusa a matashin kai. Da la'asar kuma wata yarinya takan zo ta tsaya bakin ƙofa, ta ce Inna ta ce a ba ta ƙyallaye. Tela ba ya tsayar da keke. Da haɓa yake nuna mata buhun.

Inda buhun yake ƙarewa, sai hunturu ya shigo kake gani. Daga Disamba zuwa Janairu ɗarin bakin gulbin Rima ba ya wasa. Da hantsi, idan rana ta ɗan yi ƙarfi, mata kan fito da kayan kwana su shanya. Bi ta lungu ka ɗaga kai. Barguna iri biyu za ka gani. Akwai na kanti mai laushi, ɗan ƙasar Sin, wanda aka buga wa hoton damisa ko fure. Akwai kuma wanda aka haɗa da ƙyallaye, ɗari ko fiye, kowane da launinsa. Na farkon a kan katanga ake shanya shi, inda mai wucewa zai gani. Na biyun yawanci a igiyar cikin gida yake, gefensa kawai ke leƙowa.

Wannan ɓoyon ne yake damuna. Wanda aka saya da kuɗi ana nuna shi. Wanda aka ci wata guda ana ɗinkawa ana jin kunyarsa. Idan baƙo ya kwana, na kantin ake ba shi. Idan ɗari ya tsananta a tsakar dare, mai gida da kansa na ƙyallayen yake jawowa, don ya fi nauyi, ya fi riƙe ɗumi.

Gwaggona a Isa tana cikin masu yin sa. Kafin allura ta taɓa komai, wanki take fara yi. Sabon ƙyalle yana da sitaci, kuma wata atamfar tana zuba. Ja ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata fari goma. Sai ta jiƙa su a roba, ta duba ruwan, ta ware masu zuba gefe. Bayan sun bushe ta raba su bisa nauyi. Atamfa da atamfa. Shadda da shadda. Leshi ba ya shiga, don iska na bin ramukansa. Yadin roba mai santsi ma ba ta karɓa, ta ce ba ya zama inda aka aje shi. Ma'auninta guntun kwalin sukari ne, faɗin tafin hannu. Ta ɗora shi a kan ƙyalle, ta zagaya da bakin sabulun da ya kusa ƙarewa, ta bi farin layin da almakashi.

Bargon hawa uku ne. A sama ƙyallayen da aka haɗa. A tsakiya tsofaffin zannuwa da suka gaji, waɗanda ba a iya fita da su ko zuwa rijiya. A ƙasa zane guda lafiyayye, don shi ke taɓa jiki. Takan shimfiɗa su a kan tabarma, ta danne kusurwoyi huɗu da duwatsu. Daga tsakiya take fara ɗinki ta yi waje. Idan aka fara daga gefe, tsakiyar kumbura take yi, kuma ba gugar da za ta kwantar da ita. Tef ba ya cikin kayanta. Tsawo da faɗi da kamu take auna su. Tsakanin layin ɗinki da na kusa da shi, yatsa biyu.

Koyarwar ba ta da allo, ba ta da kuɗin wata. Yaran makwabta ne ke shigowa bayan an tashi daga Islamiyya. Aikin sabuwar zuwa shi ne zura zare, don idon Gwaggo ya fara gajiya. Takan zura allura biyar ko shida ta soke su a jikin tabarma, Gwaggo na ƙare ɗaya ta zare wata. Yarinya na iya yin mako biyu a kan haka, tana kallo. Daga nan a ba ta ƙyalle huɗu ta haɗa abin sauke tukunya. Idan kusurwoyin huɗu sun haɗu a wuri ɗaya, an wuce. Idan ba su haɗu ba, a miƙa mata reza.

Na ji wata ta yi gardama. Ɗinkinta ya yi nisa-nisa a bayan bargo, inda ido ba ya kaiwa.

“Ke ɗiyar ga, warware shi.”

“Inna, ai nan ba mai gani.”

“Wanki shina gani.”

Yarinyar ta ɗauki rezar.

Haɗa launi shi ne abin da ba ta iya faɗa da baki. Takan jera ƙyallayen a ƙasa, ta tashi da ƙyar, ta je bakin ƙofar ɗaki ta juyo ta duba daga nesa. Ta dawo ta ɗauke ɗaya, ta ce wanga ya cika surutu. Ta sa baƙi ko shuɗi a wurinsa, sai duk layin ya natsu. Yaran na kallon hannunta, su kalli ƙasa, su sake kallon hannun. Wasu na kamawa. Wasu har su yi aure ba su kama ba. Gaskiya kuma ba kowane bargon ƙyallaye ne mai kyau ba. Akwai wanda tarin tsumma ne kawai aka bi da zare, ka dube shi idonka ya rasa wurin sauka.

Farin ƙyalle shi ne matsala. Ya fi kowane yawa a buhu, don maza sun fi ɗinka fari, kuma shi ne ya fi saurin dauɗa. Yaran da suka iya zanen lalle ne suka samo masa hanya. Su dama galura da ruwan zafi da gishiri a murfin kwalba, su fasa bakin tsinken tsintsiya ya yi laushi, su zana fure ko dagi ko tauraro a tsakiyar farin. Hannun da ya saba da tafin amarya ba ya rawa a kan yadi. Sai dai galura ba ta da alkawari. Wanki kaɗan, jan ya koma ruwan hoda. Don haka Gwaggo takan sa su bi zanen da zare mai launi, yadda ake yi da hula: mai zane ya zana da tawada, mai ɗinki ta rufe zanen da allura. Idan launin ya tafi, zaren yana nan.

Dama rininmu na gado ba na shafawa ba ne. Baba tsoma masa kaya ake yi a karofi. Yadin ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Wanda ke son ado sai ya ɗaure ko ya ɗinke wuraren da ba ya son rini ya shiga, bayan an gama ya kwance. Haka marinan Ƙofar Mata a Kano suke yi har yau. Tsinken yaran nan sabon abu ne a gidan. Gwaggo ba ta yaba ba, ba ta hana ba. Ta dai ce kada su zana a kan tabarmarta ta salla.

Wani zai ce wannan duk dabarar talauci ce, ba ta da asali. A ƙasar Gobir bai kamata a faɗi haka ba. Mene ne lifidi? Yadi ne sama da ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi shi da ɗinki layi-layi don kada cushen ya taru wuri ɗaya. Kibiya ta shiga ta rasa ƙarfi kafin ta kai fata. Rundunar Sarkin Gobir Yunfa da ta je Tafkin Kwatto a 1804 tana da 'yan lifida. Alƙalawa, wadda kufanta ke nan kusa da Sabon Birni, birnin mahaya ce kafin ta faɗi a 1808. A 1826 Baturen Birtaniya Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, ya ga 'yan lifida da idonsa, ya rubuta cewa nauyin kayan ya sa sai an taimaka wa mahayi yake hawa doki. Yau je ka hawan salla a Kano ko Katsina, ka matsa kusa da dokin ɗan lifida. Guntaye ne ja da kore da rawaya aka haɗa, aka cusa, aka ɗinke. Aiki ɗaya ne da na tabarmar Gwaggo. A can mutane na ɗaga waya suna ɗaukar hoto.

A Amurka akwai wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, ana ce masa Gee's Bend. Matan wurin sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin kayan gona da buhuna, don ɗakunansu ba sa riƙe ɗumi. A 2002 aka kwashi bargunan aka rataye a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su na Whitney a New York. A 2006 hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunan guda goma a jikin kan sarki. Akwai kuma Faith Ringgold, haifaffiyar Harlem, wadda ta rasu a 2024. Mahaifiyarta maɗinkiya ce, tare suka yi bargonta na farko a 1980. Ita da buroshi take zana mutane a kan yadi mai kauri, ta rubuta labari a gefe, ta kewaye shi da ƙyallaye. A can Amurka yanzu har aji ake buɗewa, mutum ya biya kuɗi a koya masa shafa launi a yadi da haɗa shi.

Na duba hotunan a waya, na ƙara musu girma har ɗinkin ya fito. Wasu sun fi na Gwaggo. Wasu ba su kai ba. Abin da na gani a wurinsu wanda babu a wurinmu layi ɗaya ne a ƙarƙashin kowane hoto: sunan matar da ta ɗinka, da shekarar da ta ɗinka. Ba na roƙon a rataye namu a bango. Ɗari na nan, bargon yana da aikin yi. Amma tambayi yaron da ke kwana a cikinsa wa ya ɗinka shi. Sau da yawa zai ce maka a gida ya tarar da shi.

Shekarun nan bargon ya sami wani aikin da ba don shi aka yi shi ba. Kai ma ka san halin da ƙauyukan Sabon Birni da Isa suke ciki da 'yan bindiga. Tun 2019 dubban mutane suka bar gidajensu, wasu suka shigo gari, wasu suka ƙetare iyaka zuwa yankin Maraɗi, wajen Gidan Rumji. Mai gudu da dare ba ta ɗaukar akwati. Abin da ya fi ƙarfi a ɗaki take shimfiɗawa, ta zuba tukunya da kwano da tufafin yara, ta ɗaure kusurwoyi huɗu, ta aza a ka. Bargon kanti yana da santsi, ƙullinsa kwancewa yake yi. Na ƙyallaye yana riƙewa. A tasha na ga wata zaune a kan nata, tana nuna wa wadda ke kusa da ita guntayen da yatsa. Wannan ankon bikin ƙanwarta ne. Wannan rigar sunan ɗanta na fari. Wannan shuɗin daga rigar mijinta. A kan shuɗin yatsan ya daɗe.

Da mutane suka watse, koyarwar ma ta watse. Tsohuwa na gari ɗaya, jikokinta na wani. Tsakar gidan da ake shimfiɗa tabarma an kulle shi ko an ƙone shi. Aikin nan kuwa ba a littafi yake ba. Sai an zauna kusa da mai yi, gwiwa na taɓa gwiwa.

Cibiyoyin koyar da mata sana'a suna ƙoƙari. Ana koyar da sabulun ruwa, da man shafawa, da turaren wuta. Duk suna bukatar jari kafin a fara, kuma idan aka yaye mata hamsin a unguwa ɗaya, kowace sabulu take sayarwa. Aikin bargo kuwa allura yake so, da zare, da reza. Malamansa ba sai an ɗauko su daga Sakkwato ba. Suna cikin lungunanmu, wasu suna cikin 'yan gudun hijirar da ake raba wa hatsi. A kira su su koyar, a biya su yadda ake biyan kowane malami, a sa kowace yarinya ta ɗinka sunanta da shekara a kusurwar abin da ta gama.

Kai kuma, maƙwabci, idan aka kawo maka irinsa talla a hunturun bana, juya bayansa ka duba ɗinkin. Idan layukan sun tafi daidai, yatsa biyu tsakani, to aikin wata guda ne ke hannunka. Kada ka taya shi da kuɗin tsumma.