Zamanin da kwamfuta ɗaya ke ɗaukar Windows da Ubuntu

A shekarun da Windows XP ke sharafinta, kwamfuta a Dingyaɗi ba ta kowa ba ce. Wanda ya samu, yawanci ta hannu ce ya sayo a Sakkwato, ita ke buga katin biki, ita ke buga jarrabawar makaranta. Kowa kuma ya zo da filashinsa ya soka, don haka bairos bai taɓa barinta ta huta ba.

Wurin 'yan'uwanmu da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo muka fara jin sunan Ubuntu, manhajar da ke iya tsayawa a madadin Windows, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fitar a Oktoban 2004. Sauke megabait kusan 700 a kafe a lokacin, sai mai dogon haƙuri da kuɗi. Amma kamfaninsa, Canonical, yana da shirin ShipIt: ka cike fam a intanet, a aiko maka faifai ta gidan waya kyauta. Haka aka yi ta yi har 2011.

Ba mai iya rabuwa da Windows, domin a can aikin kuɗi yake. Sai a raba ma'ajiyar kwamfutar kamar gonar gado, kowa da iyakarsa. Tsohon tsarin MBR manyan kaso huɗu kawai yake yarda da su, dole ka yi lissafi kafin ka taɓa komai. Windows ake fara sakawa, sannan Ubuntu. In ka juya, Windows ta shafe mashigar Ubuntu, kwamfuta ta tashi kamar ba ta taɓa sanin Ubuntu ba. Mai hankali kuma ba ya fara rabon sai da janareta a kunne, don in wuta ta ɗauke ana tsakiya, takardun jama'a sun tafi.

In an dace, kana kunnawa GRUB, wato mashigar nan, zai jera maka Windows da Ubuntu, ya ba ka daƙiƙa 10 ka zaɓa. Ranar da bairos ya kwantar da Windows, ta Ubuntu ake shiga a kwaso aikin mutane lafiya lau. Wannan kaɗai ya biya wahalar, kuma yaran da suka koyi rabon sun san cikin na'ura sanin da har yau nake girmamawa.

Windows 8 ta zo a 2012 da kullen Secure Boot, aikin ya ƙara wuya. Microsoft ta janye hannu daga XP a Afrilun 2014. Kafin nan ma waya ta riga ta janye hankalin samarin garin.