Minti Shida da Ƙafar Roba

Idan soja ya rasa ƙafa a bakin daga aka sa masa ta roba, mutane kan ce ai ya warke tunda ga shi yana tafiya. Likitocin gashi ba sa tsayawa a kallo. Aunawa suke yi da agogo.

Akwai gwajin tafiyar minti shida. Ana sa alama biyu a doguwar baranda, tsakaninsu mita 30, mutum ya yi ta kai da kawowa har minti shida su cika, sannan a lissafa mita nawa ya yi. In ya gaji yana iya tsayawa, amma agogo ba ya jiransa. Babban mutum mai lafiya yakan yi mita 400 zuwa 700. Akwai kuma wanda za ka tashi daga kujera, ka yi mita 3, ka juyo ka zauna. A Amurka, da aka ga waɗannan sun yi wa matasan sojoji sauƙi, sai aka ƙirƙiro mai wuya. A cikinsa akwai tsayuwa da ƙafa ɗaya ta daƙiƙa 30, da gudu gefe-gefe, da gudu da baya, da tashi daga kwance a ruga.

Lambar da aka samu ba wasa ba ce. Tana taimaka wa likita ya san wace irin ƙafa ta dace da mutum, da kuma ko zai iya komawa aiki. Wanda aka yanke wa a saman gwiwa ya fi wanda aka yanke wa a ƙasa gajiya, domin ya rasa gwiwar da ke taya shi.

Mun gwada minti shidan a barandar ajinmu lokacin tara. Da ƙafafunmu biyu, sai da wasu suka fara haki kafin a ce tsaya!

Abin da ya dame mu shi ne siminti. Mahaifin ɗaya daga cikinmu soja ne, motarsu ta taka nakiya a jihar Borno, aka yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa. A asibiti yana tafiya lafiya lau. A unguwa kuwa ga yashi, ga kwata da za a tsallake, ga taɓo da damina. Hawa a-daidaita-sahu aiki ne. Tsuguno don alwala ya fi komai ba shi wuya, salla kuwa a kan kujera yake yi. Da zafin Afrilu dungulmin yakan yi gumi har ya yi ƙuna, sai ya cire ƙafar ya koma ga sanduna. Duk wannan ba ya cikin takardar minti shida, alhali nan ne yake rayuwa.

Nijeriya ta shiga wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni a 2023 a Jamus, mun ji daɗi ƙwarai. Amma ba kowa ne zai je tsere ba. Wani burinsa kawai ya kai 'yarsa makaranta a ƙafa.

Muna roƙon malaminmu na motsa jiki ya ara mana tef ɗin awo ranar Laraba. Za mu maimaita gwajin a kan yashin bayan aji, mu liƙa lambobin biyu a nan gefe da gefe.