Karatuna a Hamburg, birnin ruwa

Ni ɗan Dakoro ne, cikin jihar Maraɗi. Tun ina ƙarami na san wahalar ruwa. Rijiyar unguwarmu tana da zurfi ƙwarai, sai da takarkari ko jaki ake jawo wasaki. Da damina, idan tabki ya cika, mata sukan huta da zuwa rijiya, su ɗebo na tabki. Wata damina ƙanwata ta kamu da zawo da amai. Kwana biyu ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Ran nan innarmu ta ce: "Da muna ƙasar da ruwa ya wadata, da wannan bai same mu ba." Maganar ta zauna mini a zuciya.

Da na gama karatu a Maraɗi da Yamai, sai na sami tallafin zuwa Jamus don in koyi aikin ruwan sha. Aka tura ni Hamburg.

Yara, ku duba taswirar Turai. Hamburg tana arewacin Jamus, a bakin wani babban gulbi mai suna Elbe. Gulbin ya taso daga duwatsun ƙasar Cek, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, sannan ya faɗa Tekun Arewa. Daga birnin zuwa teku kamar kilomita 100 ne. Duk da haka manyan jiragen ruwa suna shigowa har cikin gari. Sau biyu a kwana ruwan gulbin yakan hau, ya sauka, yana bin motsin teku. Mutanen birnin sun kusa miliyan 2. Gadojinsa kuwa sun fi 2,000.

Na iso cikin hunturu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 da rabi, ƙarfe 4 na maraice ta faɗi. Sanyi ya dame ni. Jamusanci ya yi mini nauyi a baki. Na yi kewar fura da hirar dandali. Amma ko ina na duba, ruwa ne: gulbi, tabkin Alster a tsakiyar gari, ga yayyafi kusan kullum. Na ce a raina: lalle wannan ce ƙasar da inna take faɗi.

Hamburg tsohon birnin fatake ne, kamar Katsina ko Kano. Mu namu fatauci da raƙuma da jakuna aka yi, su nasu da jiragen ruwa. Tun ƙarni na 13 take cikin ƙungiyar biranen fatake da ake kira Hansa. A nan aka haifi Heinrich Barth a 1821, matafiyin da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya ratsa Tasawa a 1851. Birnin ya sha wuya. Gobara ta ci babban yanki nasa a 1842. A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, bama-bamai sun kashe mutum fiye da 30,000.

Wata rana malaminmu ya kai mu wani tsibiri cikin gulbin, ana ce masa Kaltehofe. Can akwai tsofaffin wuraren tace ruwa. Ya ba mu labarinsu. A da, mutanen Hamburg suna shan ruwan Elbe ba tare da an tace shi ba. A watan Agusta na 1892 kwalara ta ɓarke, wato zawo da amai mai kisa. Mutum kusan 17,000 suka kamu, fiye da 8,000 suka mutu. Amma a Altona, garin da ke maƙwabtaka da su, cutar ba ta yi ɓarna sosai ba. Gulbi ɗaya suke sha. Bambancin kawai, mutanen Altona suna bi da ruwansu ta cikin rairayi kafin su sha. Likita Robert Koch, wanda ya yi bincike a kan ƙwayar cutar, ya zo ya ga halin da ake ciki. Aka riƙa tafasa ruwa ana raba wa jama'a. A 1893 aka buɗe matatar Kaltehofe. Tun 1964 kuwa, birnin ya bar shan ruwan gulbi, sai na ƙarƙashin ƙasa, kamar mu.

Na tsaya shiru, na tuna da ƙanwata. Ashe ba ƙarancin ruwa kaɗai ke kisa ba. Ruwa mai yawa ma yana kisa idan ba shi da tsabta. Rairayi kuwa, wa ya fi mu shi?

Da na gama karatu na komo gida. Inna ta tambaye ni: "Ɗana, me ka samo a ƙasar ruwa?" Na ce: "Inna, su ma sun binne ƴaƴansu kafin su gane." Daga ran nan ba a ƙara zuba ruwan tabki a randarmu ba sai an tace shi, an tafasa.

Ku ma yau, in kun koma gida, ku leƙa randa. Daga ina ruwan ya fito? An rufe ta kuwa? Moɗar da ake sha da ita, a ina take kwana?