Madatsar Ruwan Gusau Da Ƙasar Da Muka Daina Takawa

Wata Asabar cikin hunturun da ya wuce, bayan an sallame sallar asuba, na fito da wani tsohon keke da ya shekara jingine a zaure, wanda tun daren jiya na sa mai faci ya duba shi. Na ɗora ɗana mai shekara goma a baya, muka nufi madatsar ruwan Gusau. Mahaifiyarsa ba ta so ba. Sai da na yi mata alkawarin ba za mu wuce inda ake hangen rufin gidajen gari ba, kuma za mu dawo kafin hantsi ya yi nisa. Ban ga laifinta ba, amma sharaɗin nata ya tsaya mini a rai, domin lokacin da nake kamar yaron nan, abin da iyaye ke gargaɗinmu a kansa bai wuce kunama da zurfin ruwa ba.

Mun isa hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba. Balbelu sun jeru a gaɓa kamar an shanya fararen kaya, wani zalɓe yana tsaye shi kaɗai cikin ruwa iya gwiwa, can tsakiya kuma garken kirinjijiya ya tashi da kukansa mai kama da fito. Masu lambu sun riga kowa sammako, injinan ban-ruwa suna ta ƙara, ƙamshin ɗanyar albasa ya gauraya da na laka. Muka jingine keken a gindin wata bishiya, muka bi gefen ruwan da ƙafa, ta 'yar hanyar da sawun manoma da na shanu ya fitar. Yaron nan da a gida ba ya ɗaga kai daga waya, sai ga shi yana tambayata sunan kowane tsuntsu. Wasu na sani, wasu kuwa sai da na ji kunya.

A wata 'yar mashaya muka tarar da wani dattijo Basarke yana kwashe ruwa daga kwalekwalensa da ƙoƙo. Bayan mun gaisa, na roƙe shi ya ɗan zagaya da mu. Ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce, "Malam, shi ya iya ruwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To ya zamna tsakiya, kada ya motsa, kuma ba mu barin gaɓa." Haka kuwa aka yi. Yana tuƙi da filafili a hankali yana nuna mana inda tarwaɗa ke kwanciya da inda karfasa ke haƙa ramin ƙwai. Na tambaye shi ko yana samun masu zuwa yawon buɗe ido irinmu. Ya yi dariya ya ce, "Wa ka zuwa yanzu? Da can ranar Lahadi har gajiya nikai da 'yan makaranta. Yau kowa ya kulle ɗiyansa gida."

Ruwan da muke kai Gulbin Sakkwato ne, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, aka sake tare shi a Bakolori kusa da Talatar Mafara, kafin ya je ya haɗu da Gulbin Rima a Sakkwato. Madatsun nan biyu kowace da tabonta a zukatan mutanen Zamfara. Ta Bakolori, da aka kammala a 1978, ta cinye gonaki da ƙauyuka, kuma rikicin diyyar da ya biyo baya ya ƙare da harbe manoma a watan Afrilu na 1980. Ta Gusau kuwa ta ɓalle ranar 30 ga Satumba, 2006, bayan ruwan sama mai yawa, mutane kusan 40 suka rasu, gidaje wajen 500 suka rushe. Saboda haka idan talakan Zamfara ya ji an ce dam, abin da ke fara zo masa a rai shi ne asara, sai kuma ruwan famfon da yake jira. Ba a taɓa nuna masa cewa wurin nasa ne, yana da haƙƙin ya zo da iyalinsa ya zauna a inuwa ya huta ba.

Ina zaune cikin jirgin nan sai na tuna hutun ƙarshen shekarar 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Mu shida ne 'yan sakandare, kowa da kekensa, wasu na gida wasu na haya. Muka ɗauki hanyar Funtuwa da gorar ruwa da ƙulli-ƙulli a aljihu, ba mu tsaya ba sai gindin dutsen Kwatarkwashi. Muka bar kekunan wajen wani mai shayi da bai taɓa ganinmu ba, muka kama hawa. Wanda bai taɓa hawan dutsen nan ba ba zai san yadda ƙasarmu take ba. Daga sama gonaki suna shimfiɗe kamar tabarmi, kukoki da ɗorayi sun zama ɗigo-ɗigo, motocin da ke kan titi kamar tururuwa. A nan wani tsoho ya nuna mana ɓangaren da maiki ke sheƙa, ya ba mu labarin bikin kamun maiki da garin ya yi suna da shi, yadda samari kan hau wuraren da ko akuya ba ta zuwa don su nuna jarunta.

Washegari uku daga cikinmu muka ƙarasa 'Yandoto, garin kakannina, kafin a kai Tsafe. Kawuna ya zagaya da mu kufan tsohon garin, yana nuna tudun da ya ce nan makarantu suke. A bakinsa na fara jin cewa 'Yandoto cibiyar malamai ce tun ƙarnoni kafin jihadi, cewa labarin baka ya ce daga nan Korau ya fito ya zama Sarkin Katsina, cewa an ci garin da yaƙi a zamanin Muhammadu Bello, kuma daga nan ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya tashi ya kafa Gusau. Daga baya na karanta duk wannan a littattafai, amma abin da ya zauna mini shi ne wanda na taka da ƙafata. Gani ya kori ji.

Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina a aji, su fiye da ɗari, yawancinsu 'yan jihar nan, ko su nawa suka taɓa hawa dutsen Kwatarkwashi. Hannu huɗu na ƙirga. Wanda ya taɓa zuwa kufan 'Yandoto, babu. Ba lalaci ya hana su ba. Waɗannan yara suna sakandare aka sace 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021, suna gani aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Satumban wannan shekarar, kuma a Satumban 2023 har Sabon Gida, bakin Gusau, aka shiga aka kwashi ɗalibai. Duniyarsu ta tsuke ta koma gida, aji da waya. Muna ƙidaya rayuka da dukiyar da ta'addanci ya ci, amma ba mu ƙidaya wannan asarar: wani ƙarni yana tasowa bai san ƙasarsa ba. Wanda bai san wuri ba kuwa, da wuya ya yi kishinsa, balle ya tsaya ya kare shi. Hanyar da mutanen kirki suka daina bi, ciyawa ke fara cinye ta, sannan ɓarawo ya gaje ta.

Lokacin da nake karatun digiri na uku a Malesiya, nakan je Putrajaya, sabon birnin mulkin ƙasar, inda aka tare ruwa aka yi tafki mai faɗin hekta 650. Abin da ya burge ni a can ba manyan gadoji ba ne. Hanyar ƙafa ce da ta keke a gefen ruwa, da kujeru a inuwa, da kwandon shara, da wurin alwala, da jirgin da ba a barin kowa ya shiga sai ya sa rigar kariya. Da yamma sai ka ga magidanci da matarsa cikin hijabinta da 'ya'yansu kowa a kan keke. Mu ma a Arewa mun taɓa yin wannan tunani. Gwamna Audu Baƙo, da ya gina madatsun Tiga da Bagauda a Kano, ya haɗa su da masaukin baƙi da wurin shaƙatawa. Darasin da ke cikin abin da ya biyo baya shi ne, babban otal a bakin ruwa yana mutuwa da zarar gwamnatin da ta gina shi ta wuce, amma hanya da inuwa ba su cin kuɗi mai yawa, kuma talaka ne ke raya su.

Na san mai karatu zai ce ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na gudun hijira malam yana zancen yawo a keke. Gaskiya ne, ba zan ce wa kowa ya ɗauki ɗansa ya nufi daji yau ba, ni ma ban kai nawa Kwatarkwashi ba. Shi ya sa nake maganar madatsar Gusau, wadda ke jikin gari, inda tsaronta bai fi ƙarfin hukuma ba. Wani kuma zai ce irin waɗannan wurare matattarar baɗala ce. Amma kowa ya san baɗala kufai take so. Wurin da iyaye ke zuwa da rana tsaka, da ƙofa ɗaya da mai gadi da lokacin tashi, ya fi ƙarfin ɗan shaye-shaye.

Abin da ake buƙata ba shi da yawa. A share hanyar ƙafa da keke ta 'yan kilomitoci a gefen ruwan, a zuba mata tsakuwa, ba tare da an karɓe lambun kowa ba, don kada a maimaita kuskuren Bakolori. A dasa itatuwan gida irin su ɗorawa, kanya da marke, waɗanda za su ba da inuwa su kuma riƙe gaɓa, su rage yashin da ke cike madatsar. A damƙa sha'anin jirage a hannun Sarkin Ruwa da Sarkawansa, a ba su rigunan kariya, a ƙayyade yawan mutanen da kowane kwalekwale zai ɗauka. Hatsarin Gummi na Satumban 2024, wanda ya ci gomman manoma, ya isa wa'azi. A hana yara wanka a ruwan da ke kwance, saboda a nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zaune. Matasa su samu sana'ar hayar keke da sayar da soyayyen kifi. Makarantu kuma su riƙa kawo ɗalibai su ga yadda ake tare ruwa da tace shi kafin ya iso famfo, malamin tarihi ya tsaya da su a gaɓa ya ba su labarin gulbin.

Mun cika alkawari, mun dawo kafin rana ta yi zafi, ƙafafunmu duk laka. A hanya yaron ya tambaye ni, "Baba, yaushe za mu hau dutsen da ka ce?" Na ce masa sai hanya ta yi kyau. Ya ce, "Wa zai gaya mana ta yi kyau?" Ban ba shi amsa ba, amma na san ba a sanarwar rediyo zan ji ba. Ranar da mahaifiyarsa ta ga mun ɗauki keke ta ce mana a dawo lafiya, ba ta gindaya sharaɗi ba, ranar zan yarda zaman lafiya ya dawo Zamfara. Kafin nan, Asabar mai zuwa za mu koma bakin ruwa, kuma na gayyaci maƙwabcina da 'ya'yansa biyu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.